Mu Ɗaga Kai Mu Duba: Darasi Daga Lambu, Iska da Sararin Sama



Wata tambaya ce ta haifi darasin wannan fitowar. Wata Asabar muna cikin bitar jam'in kalmomi, na rubuta "najm" da "nujum" a allo, sai wata ɗaliba 'yar shekara 11 ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, duk mako muna koyon kimiyya da Faransanci. Asabar mu zo nan mu yi Larabci, a gida kuma Mama ta ce sai Hausa. Wai Larabci da Hausa suna da kimiyya ne, ko dai na salla da gaisuwa ne kawai?"

Wasu suka yi dariya, amma ni tambayar ta tsaya mini a rai. Na ce mata, "'Yata, kin yi tambaya mai kyau, ki ba ni lokaci." Sai na juya ga ajin na ce wa ya taɓa ganin Kaza da 'Ya'yanta a sama. Shiru. Na ce wa ya san tsattsewa. Shiru. Na ce wa ya tsaya ya kalli wata a wannan makon. Hannu biyu kacal suka tashi.

Abin da ya dame ni shi ne, yaron da ya tashi yana ganin harshen gidansu ba shi da abin cewa game da duniya, wata rana zai ajiye harshen. Wanda kuma bai saba kallon halittar Allah ba, da wuya ya ji ciwon lalacewarta. Alhali ko sunayen surorin da muke haddacewa sun isa tunatarwa: akwai surar Ƙudan Zuma, da ta Tururuwa, da ta Gizo-gizo, da ta Tsawa, da ta Tauraro, da ta Wata, da ta Rana. Shi ya sa na tattaro waɗannan labarai, kuma duk na zaɓo su daga abin da za ku iya gani da idonku a Paris ko Lyon.

Raƙumar dawa da ta ratsa Lyon da ƙafa

Duk wanda ya je salla Babban Masallacin Paris, wanda aka buɗe a 1926, ya san lambun da ke tsallaken titi, wato Jardin des Plantes. An kafa shi a 1635 domin shuka tsirran magani. A wannan lambu ne wata baƙuwa daga Afirka ta zauna kusan shekara 18.

Labarin ya fara ne lokacin da mai mulkin Masar, Muhammadu Ali Pasha, ya aika wa sarkin Faransa Charles na 10 kyautar 'yar raƙumar dawa da aka kamo a ƙasar Sudan. Aka bi da ita ta kogin Nilu har Iskandariyya, aka sa ta a jirgin ruwa. Saboda tsawon wuyanta sai da aka huda saman jirgin domin ta riƙa fito da kai. Ta iso Marseille a watan Oktoba na 1826, ta yi lokacin sanyi a can. A watan Mayu na 1827 aka kama hanyar Paris da ita a ƙafa, tafiyar kilomita kusan 880 cikin kwana 41. An ɗinka mata rigar ruwa, aka haɗa ta da shanun da take shan madararsu. Masu kula da ita su ne Hassan da Atir, waɗanda suka taho da ita tun daga Masar, tare da masanin dabbobi Geoffroy Saint-Hilaire. A farkon watan Yuni ta shiga Lyon, jama'a suka yi cincirindo a dandalin Bellecour domin ganinta. Ta isa Paris ranar 30 ga Yuni, kuma ta rayu har zuwa 1845.

To ga amsar farko ga tambayar ɗalibata. Kalmar da kuke faɗa a makarantar boko, "girafe", asalinta Larabci ne, "zarafa". Bahaushe kuwa ya kalli dogon wuya da tafiyar dabbar ya ce raƙumin dawa. Ƙashin wuyan nan mai tsawo guda bakwai ne, daidai da adadin na wuyanku, sai dai kowane ɗaya dogo ne ƙwarai. Kuma domin jini ya iya hawa har kai, ƙarfin bugun jininsa ya kai kusan ninki biyu na ɗan Adam.

Labarin bai ƙare a tarihi ba. Ragowar raƙuman dawa na Afirka ta Yamma suna ƙasar Nijar, a yankin Kouré, kimanin kilomita 60 daga Yamai. A 1996 guda 49 kawai suka rage, saboda farauta da fari da sare itatuwa. Da aka hana farautarsu, aka haɗa kai da mutanen ƙauyuka, duk da cewa wani lokaci suna shiga gona su ci wake, sai adadinsu ya haura 600 cikin shekara ashirin da 'yan kai. A 2018 har an ɗebi guda 8 aka kai gandun dajin Gadabeji a jihar Maraɗi. Wannan ya nuna mana cewa abin da ya kusa ƙarewa yana iya dawowa idan mutane suka kula. Ɗalibanmu na Lyon, ku je Parc de la Tête d'Or, wanda aka buɗe a 1857: akwai raƙuman dawa a ciki, kuma shiga kyauta ne. Na Paris kuma akwai su a gidan dabbobi na dajin Vincennes.

Abin da iska ke kawo mana daga gida

Ranar Asabar 6 ga Fabrairu, 2021, wani ɗan'uwana da ke zaune a Lyon ya turo mini hoto da safe yana cewa, "Yaya, hunturu ya biyo mu har nan." Sararin garin ya rine ya koma ruwan ɗorawa, motoci duk sun yi butu-butu, har ƙanƙarar da ke kan duwatsun Alpes ta canza launi. Ƙura ce daga hamadar Sahara, ta wajen Aljeriya. Iska mai ƙarfi ta ɗaga ta sama, iskar kudu ta tsallako da ita teku, ta sauke ta a kanmu. An sake ganin irin haka a faɗin Faransa a tsakiyar watan Maris na 2022.

Iyayenku sun san wannan ƙura sarai. Hazon da ke rufe Kano da Katsina da Damagaram a lokacin hunturu, mai yawa daga cikinsa daga wani kwari yake tasowa a arewacin Cadi, wanda ake kira Bodélé. A da can ƙasan wani ƙaton tafki ne. Da ruwan ya ƙafe sai ya bar farar ƙasa mai laushi, cike da ragowar ƙananan halittun ruwa, wadda iska ke ɗauka cikin sauƙi.

Abin mamakin shi ne inda ƙurar Sahara take zuwa. Wani bincike da aka yi da tauraron ɗan Adam na hukumar NASA ta Amurka, wanda aka fitar a 2015, ya ƙiyasta cewa kusan tan miliyan 182 na ƙura ke barin Sahara ta yamma kowace shekara, kuma kimanin tan miliyan 27 daga ciki na sauka a dajin Amazon na Kudancin Amurka. A cikinta akwai sinadarin fosfaras, wanda taki ne ga itatuwa. Ashe ƙurar da ke sa mu tari da fasa mana leɓe, a wani wurin abinci ce ga daji. Hamada mafi girma cikin hamadu masu zafi tana taimakon kurmi mafi girma a yankunan zafi, kuma teku guda ne a tsakaninsu.

Iska tana kawo mana baƙi masu rai ma. Daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Yuli, ku ɗaga kai da yamma kafin magariba. Za ku ga wasu baƙaƙen tsuntsaye masu fikafikai kamar lauje suna tsere a saman benaye suna ƙara. Su ne "martinet", mu kuma mu ce tsattsewa. Nauyin ɗaya bai wuce giram 40 da ɗoriya ba, amma duk shekara tana ƙetare teku da Sahara ta tafi Afirka, ta dawo. A wani bincike da aka fitar a 2016, masana a Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin sun ɗaura wa wasu ƙananan na'urori, suka gano cewa tana iya yin wata goma a sama ba ta sauka ba. A sama take kama ƙwarin da take ci, tana tafe take kurɓar ruwa. Kamar yadda manomi a ƙasar Hausa ke ganin shamuwa ya san damina ta ƙarato, haka nan ganin tsattsewa a Paris alama ce cewa sanyi ya wuce.

Sai dai tsuntsayen birni suna cikin matsi. Idan aka gyara tsohon bene aka toshe duk ramukan da ke ƙarƙashin rufi, tsattsewa ta rasa wurin sheƙa. Ƙididdigar da masu kula da tsuntsaye suka yi ta nuna cewa gwara, wato "moineau", ta ragu da kashi 73 cikin 100 a Paris tsakanin 2003 da 2016.

Taurari masu sunayen Larabci

Ina yaro a ƙasar Katsina, idan muka kwanta a tsakar gida lokacin zafi, kakata takan nuna mana wani ɗan gungun taurari ta ce ga Kaza da 'Ya'yanta. Da na fara karatun Larabci na tarar sunansa Surayya. A littafin makarantarku za ku ga "les Pléiades". Gungu ɗaya ne, suna uku. A daren sanyi, daga Nuwamba zuwa Maris, ana ganinsa ko a Paris idan sama ta washe kuma aka kauce wa fitilu.

Kusa da shi akwai wani tauraro mai ɗan ja-ja da ake kira Aldébaran. Larabci ne, "ad-dabaran", wato mai bin baya, domin kullum yana biye da Surayya. Rigel daga "rijl" yake, ƙafa. A daren bazara kuma taurari uku masu haske sukan yi kusurwa uku a tsakiyar sama: Altaïr daga "aɗ-ɗa'ir", mai tashi, Véga daga "al-waƙi'", mai sauka, Deneb daga "zanab", wutsiya. Masana taurari a ƙasashe da yawa na duniya da waɗannan sunaye suke aiki. Dalili kuwa shi ne, ƙarni da dama a cikin littattafan Larabci aka adana wannan ilmi, aka gyara shi, aka ƙara masa. Wajen shekarar 964 Abdurrahman as-Sufi ya rubuta littafinsa na siffofin taurari, inda ya ambaci wani ɗan tabo mai kama da gajimare. Yau mun san tarin taurari ne da ake kira Andromède, wanda haskensa ke yin kimanin shekara miliyan biyu da rabi kafin ya iso idonmu. Wanda ya je Institut du monde arabe a Paris, ya nemi na'urar da ake kira "asɗurlab". Da ita magabata suke auna tsayin rana da taurari, su fitar da lokacin salla.

Hausa ma ba ta zo hannu rabbana ba. Tauraruwar nan mai tsananin haske da ke fitowa bayan faɗuwar rana, muna ce mata Zara matar wata, daga Larabci "Zuhra". Wanda ke fitowa da asuba kuma mu ce Gamzaki. Abin da kimiyya ta tabbatar shi ne Zara da Gamzaki abu ɗaya ne, wato duniyar da Turawa ke kira Vénus. Wani lokaci tana bayyana da yamma, wani lokaci da asuba, gwargwadon inda take a zagayenta na rana. Ba ta da hasken kanta, na rana take mayarwa.

A nan Paris aka gano wani abu da ya canza fahimtar mutane game da haske. A gidan duban taurari na Paris, wanda aka kafa a 1667, wani ɗan ƙasar Danmak mai suna Ole Rømer ya lura cewa ɗaya daga cikin watannin duniyar Mushtari yana makara wajen fitowa daga inuwa idan duniyarmu ta yi nisa da Mushtari. A 1676 ya bayyana dalili: haske ma tafiya yake yi, yana buƙatar lokaci. Yanzu an san gudunsa kusan kilomita 300,000 ne a daƙiƙa ɗaya. Hasken ranar da ke dukan fuskarku ya baro ta minti 8 da daƙiƙa 20 da suka wuce. Hasken Kaza da 'Ya'yanta kuwa ya taso sama da shekara 400 baya, tun kafin a kafa lambun da muka fara da shi.

Saboda haka ne aka ƙera madubin hangen nesa na James Webb, wanda aka harba ranar 25 ga Disamba, 2021, a kan rokar Ariane 5 daga Kourou, a yankin Guyane na Faransa. Kada ku rikita Kourou da Kouré ta raƙuman dawa. Madubin yana nisan kilomita miliyan ɗaya da rabi daga nan, yana kamo hasken da ya yi biliyoyin shekaru a hanya.

Duwatsun da suka faɗo daga sama

Ranar 12 ga Fabrairu, 2023, wani masani a ƙasar Hangari ya hango wani dutse mai faɗin kusan mita ɗaya yana nufo duniya. Aka yi lissafi aka ce zai shigo ta saman arewacin Faransa cikin 'yan sa'o'i. Haka kuwa aka yi: wajen ƙarfe 4 na asubahin 13 ga wata ya kama da wuta a saman yankin Normandie, mutane da dama suka ɗauki hotonsa. Bayan kwana biyu masu aikin sa kai na shirin Vigie-Ciel suka bazama gonaki, kuma wadda ta tsinci guntun farko ɗaliba ce 'yar shekara 18, a kusa da ƙauyen Saint-Pierre-le-Viger.

A wannan yanki na Normandie ne ma aka fara gamsar da masanan Turai cewa dutse yana faɗowa daga sama. A 1803 duwatsu kusan 3,000 suka zubo a garin L'Aigle. Aka tura masani Jean-Baptiste Biot, ya bi gida-gida yana tambayar shaidu, yana gwada maganar wannan da ta wancan, har ya kawo hujjar da ba a iya musawa ba.

Amma labarin da ya fi sa ajinmu shiru shi ne na gida. Ranar 3 ga Oktoba, 1962, wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo kusa da wani manomi a gonarsa, a Zagami cikin ƙasar Katsina. Bayan shekaru aka tabbatar cewa gutsuren duniyar Mirrik ne, wadda kuke kira Mars. Yaya aka gane? A cikin dutsen akwai 'yan ƙananan ramuka da suka kulle iska tun asali. Da aka auna wannan iska sai ta yi daidai da iskar Mirrik, wadda kumbunan Viking na Amurka suka auna a can a 1976. Yau duk mai nazarin Mirrik a duniya ya san sunan Zagami. An kuma tsinci wani irinsa mai kusan kilo 25 a jihar Agadas a 2023, aka sayar da shi a kasuwar gwanjo a New York a watan Yuli na 2025 kan fiye da dala miliyan 5, abin da ya sa gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya fita daga ƙasar. Wanda bai san darajar abin da ke ƙasarsa ba, wani ne zai zo ya ɗauka.

Husufi, da yadda ake tantance labari

Ranar 29 ga Maris, 2006, rana ta yi cikakken husufi a kan Gusau da Katsina da Damagaram. Na tuna yadda gari ya yi duhu da hantsi, kaji suka nufi akurki, jama'a suka nufi masallaci. Abin da ke faruwa shi ne wata ya gitta tsakaninmu da rana. Rana ta fi wata girma kusan sau 400, amma kuma ta fi shi nisa kusan sau 400, shi ya sa yake iya rufe ta daidai wa daida. Mun karanta a sira cewa an yi husufin rana ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu, mutane suka danganta abin da rasuwar, shi kuwa ya gyara musu fahimta, ya nuna musu cewa husufi ba ya faruwa don mutuwar wani ko rayuwarsa, ya kuma umurce su da salla.

Lissafin masana ya nuna za a yi wani cikakken husufi ranar 2 ga Agusta, 2027. Zai bi ta arewacin Maroko, Aljeriya, Tunisiya, Libiya da Masar, inda a Luxor duhun zai wuce minti 6, sannan ya ratsa Jidda da Makka. A Faransa wani ɓangare na rana ne zai rufe. Gargaɗi: kada kowa ya kalli rana da ido tsirara ko da tabarau na kwalliya. Sai da tabarau na musamman da aka yi domin husufi, in ba haka ba ido yana iya lalacewa ba tare da an ji zafi ba.

Irin wannan labari ana sanin ranarsa da mintinsa tun shekaru kafin ya zo. Ku gwada shi da saƙon da ke yawo a WhatsApp lokaci zuwa lokaci, wai NASA ta ce duniya za ta yi kwanaki cikin duhu. An sha yaɗa shi, ranar ta zo ta wuce, ba abin da ya faru. Suratul Hujurat ta koya mana bincikar labari kafin a yi aiki da shi, malaman hadisi kuma ba sa karɓar magana sai sun san wanda ya ji daga wa. Kafin ku tura kowane labari, ku yi masa tambaya uku. Wa ya faɗa, kuma yana da sani a kan abin? Yaushe aka faɗa, sabo ne ko tsoho ne aka sake ɗumamawa? Akwai wata kafa ta daban da ta tabbatar? Idan ɗaya ta rasa amsa, a bar shi ya tsaya a wayarku.

Amanar da ke hannunmu

Kallo da mamaki kaɗai ba su isa ba. Ranar 25 ga Yuli, 2019, zafi ya kai digiri 42.6 a Paris, kamar watan Afrilu a Sakkwato. Dutsen ƙanƙarar da kogin Rhône ke fitowa daga gare shi a Suwizalan yana ta ja da baya, kuma daga ruwan ƙarƙashin ƙasa na gefen wannan kogi mafi yawan mutanen Lyon ke sha, da shi suke alwala. Mun koya a fiƙihu cewa ba a ɓarnar ruwan alwala ko da a bakin kogi ake. Famfon da aka bari yana zuba tun daga wanke hannu har wanke ƙafa ya saɓa wa wannan darasi.

Akwai kuma labarai masu ƙarfafa gwiwa. An hana wanka a kogin Seine tun 1923 saboda ƙazanta, amma bayan aiki mai yawa aka sake buɗe wasu wurare ga jama'a a watan Yuli na 2025. A jihohin Maraɗi da Damagaram kuwa, tun daga shekarun 1980 manoma suka rungumi sassaben zamani: maimakon tumɓuke duk tohon da ya fito daga kututture, sai a zaɓi masu ƙarfi a bar su su girma. Ta haka gawo da sauran itatuwa kusan miliyan 200 suka dawo a fili mai faɗin kimanin hekta miliyan 5. Masana daga ƙasashe da yawa suna zuwa koyon wannan dabara a wurin manoman da Hausa suke yi. Wannan ita ce amsata ta ƙarshe ga ɗalibata.

Kalmomin haddacewa (Hausa, Larabci, Faransanci)

Raƙumin dawa, zarafa, girafe.
Tauraro, najm, étoile.
Wata, ƙamar, lune.
Rana, shams, soleil.
Ƙura, gubar, poussière.
Tsuntsu, ɗa'ir, oiseau.
Kogi, nahr, fleuve.
Husufin rana, kusuf, éclipse de Soleil.

Aikin gida

1. Ku sami ƙaramin littafi. Na tsawon wata guda, duk daren da sama ta washe ku zana siffar wata, ku rubuta kwanan watan Musulunci da na Miladiyya. Kwana nawa ne daga tsayuwar wata zuwa cikarsa?

2. Ku tambayi Baba ko Mama ko Kaka sunan tsuntsu uku da itace uku da Hausa, ku nemo sunansu da Larabci da Faransanci.

3. Ku duba jadawalin salla ku lissafa tsawon yini a watan Yuni da watan Disamba. A Paris za ku samu kusan awa 16 da kuma awa 8 da 'yan mintoci, alhali a Kano bambancin bai kai awa biyu ba. Ku tambayi malaminku na kimiyya yadda karkatar duniya ke jawo haka, ku zo ku yi mana bayani da Hausa.

4. Ɗaliban Lyon, ku je inda Rhône da Saône suka haɗu, bayan Musée des Confluences, ku rubuta launin kowane kogi. Ɗaliban Paris, ku shiga Jardin des Plantes bayan salla ku nemo tsiro ɗaya da asalinsa Afirka ne.

5. Ku kawo labari ɗaya na muhalli ko sararin sama, tare da amsar tambayoyi ukun nan. Wanda ya fi kyau za mu karanta shi a aji.

Ga iyaye

Na san aiki da hidimar gida ba sa barin lokaci. Amma yawancin abin da na lissafa ba ya buƙatar ko kwabo. A ƙarshen makon ƙarshe na Janairu da na Mayu, ƙungiyar kare tsuntsaye ta LPO tana gayyatar kowa ya ƙirga tsuntsayen da ya gani cikin awa ɗaya, ko daga taga ne. A watan Agusta akwai Nuits des étoiles, inda masu madubin hangen nesa ke barin jama'a su leƙa kyauta. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda ɗan Faransa Thomas Pesquet ya zauna a cikinta sau biyu, tana zagaya duniya kusan sau 16 a rana a nisan kilomita 400, kuma ana ganinta da ido kamar tauraro mai tafiya ba ƙyaftawa. Ku tsaya tare da yaranku ku duba. Ku gaya musu abin da kakanninku suka gaya muku, da harshen da aka gaya muku. Sunan tsuntsu ko na tauraro da yaro bai ji daga bakinku ba, da wuya ya ji shi a wani wuri a ƙasar nan.

Allah Ya ƙara mana ilmi mai amfani, Ya sa mu cikin masu tunani a kan halittarSa, Ya yi wa zuriyarmu albarka. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya yarda. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.